Sakan Arba'in da Na Yanke

An aro ni ne daga gidan rediyonmu na Damagaram ta Nijar zuwa Gusau na wata takwas, ba a daɗe da ƙirƙiro jihar Zamfara ba. Aikina in taimaka a kafa shirin manoma na minti goma sha biyar, sau ɗaya a mako, in koya wa waɗanda za su gaje shi, in koma gida. Na iso da akwati biyu. Ɗaya na tufafi, ɗaya na faya-fayan shirye-shiryen da na yi a ƙasarmu, don in riƙa nuna misali.

Na zaci ba wani baƙunci zan yi ba, tunda harshe ɗaya ne, tuwo ɗaya. Mako guda ya ishe ni in gane na bar gida. Mai shayin bakin gidan da aka kama mini haya yana miƙo mini kofi kamar kwanon sha, madara ta fi ganyen yawa, da burodi mai zaƙi kamar alkaki. Gidajen mai a bushe suke, motoci sun yi layi sun kwana biyu, amma ga mai a jarka a gefen titi. Wutar lantarki kuwa, wadda mu a can gida daga Najeriya ake jawo mana ita kuma ba ta cika ƙiftawa ba, a nan sai ta yini ba ta zo ba.

Direban da ke kai ni ƙauyuka ɗaukar shiri dattijo ne mutumin Tsafe. Tun ranar farko ya laƙaba mini Musiye, saboda ya ji na ce lakwal maimakon makaranta.

"Musiye," in ji shi, "ku da ka sayen wuta wurinmu kuna kallon talabijin, mu masu ita muna fifita da kwali. Ka tai da ni ƙasarku mana, ko gadi in yi."

A cikin watan Afrilu mai ya ƙare mana ƙaf. Motar ofis ta yi mako a ƙarƙashin darbejiya, ban je ko'ina ba, ranar shiri ta zo ba ni da komai a hannu. Sai na buɗe akwatina na ɗauko wata hira da na yi shekarun baya da wani tsoho a ƙauyen da ke gabas da Damagaram. Hirar a kan binne ce, wato a shuka gero cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, iri ya kwanta yana jira. Lokaci ne da ya dace, murya mai daɗi, Hausa tsantsa.

Matsala ɗaya ce. Faifan ya kai minti goma sha biyar da sakan arba'in, kuma ana gama shirina labaran duniya ke shiga. An horar da ni a kan cewa mai wuce lokacinsa ya shiga gonar wani. Na ɗora faifan, na saurari farkonsa: sallama, gaisuwa, tari, kukan akuya. Ban tsaya jin sauran ba, na gudu da zaren faifan gaba zuwa inda na tuna tsohon ya fara bayanin yadda ake sara rami. Na sa alama, na sa reza, na liƙe. Abin da na yanke na naɗe na jefa cikin ambulan, kamar yadda na saba. Shiri ya fita daidai da agogo, har na ji daɗin kaina.

Bayan kamar kwana goma aka yi ɗan yayyafi a wajen Bungudu, wanda bai wuce ya kwantar da ƙura ba. Daga nan rana ta buɗe kusan mako biyu.

Wata safiya mai gadi ya ce ana sallama da mai shirin manoma. Na fito na tarar da mutum mai kimanin shekara arba'in da biyar, da riga wankakkiya da biro a aljihu. Hannunsa ya ba ni mamaki da muka gaisa, tafin duk bororo ne sababbi. Ya ce daga Rawayya yake, can wajen Bungudu. Shekara ashirin ya yi yana aiki a wata masaƙa a Kaduna, aiki ya ƙare, mahaifinsa kuma ya rasu da rani, shi ne ya dawo ya riƙe gona.

"Malam, ba ƙara na kawo ba," ya ce. "Tambaya ce. Ina son ka duba mini inda na kuskure."

Ya fito da ƙaramin littafi ya buɗe. Shirina ne a ciki, ya rubuta shi daki-daki da lamba: zurfin rami, tazarar rami da rami, yawan ƙwayar da ake jefawa. Sannan ya kwance wani hankici. A ciki akwai tsiron gero, farare, sirara kamar zare, sun lanƙwashe sun bushe.

"Na bi duk yadda kuka ce. Ya tsiro, amma bai fito ba. Yanzu me ake yi?"

Na tambaye shi irin ƙasar gonarsa. Ya ce laka ce, baƙa, mai riƙe ruwa. Na tambaye shi nawa ya binne daga cikin irinsa.

"Duka."

Ya yi mini bayanin irin. Ba geron kasuwa ba ne. Gero ne mai gashi, kowace zangarniya da tsinkaye masu kaifi har tsuntsu ba ya iya sauka ya ci, kuma gonarsu tana bakin fadama inda tsuntsu ke yin dandazo. Mahaifinsa ne kaɗai ke da shi a garin. Ya bar dami guda a rataye a rufin madafa, inda hayaƙi ke kore ƙwari. Damin nan ne ɗan ya sussuke ya binne.

Na ce ya jira ni. Na shiga ciki na nemo ambulan ɗin, na liƙa guntun zaren, na kunna. Bayan tarin da kukan akuyar, sai ga muryata ina faɗin sunan ƙauyen da ƙasar da muke. Sai tsohon ya ce, a hankali, kamar yana gabana: "Wannan da zan gaya maka na jigawa ne, irin rairayinmu. Mai laka kada ya fara, ɗan ruwa kaɗan zai tayar masa da iri, rana ta rufe shi. Ko mu nan ba ma binne duka. Rabi a ƙasa, rabi a rataye."

Na mayar na sake ji. Na duba agogo, sakan arba'in ne cif.

Na kira shi ciki na kunna masa, na gaya masa ni na yanke, da hannuna, don kada in shiga lokacin labarai. Na shirya wa zagi. Bai zage ni ba. Ya dubi littafinsa, ya rufe, ya mayar aljihu.

"Maƙwabcina ya hana ni," ya ce. "Tsoho ne, abokin Baba. Ya biyo ni har gona ya ce, ɗana, ba a yi wa wannan ƙasa haka. Na ce masa, Baba, rediyo ne ya faɗa."

Shekara goma sha ɗaya ina magana a rediyo, ban taɓa ganin wanda ya ajiye maganar dattijon da ya san gonarsa ya ɗauki tawa ba. Ni a ɗaki nake zama, in yi magana da ƙarfe, in tafi cin abinci.

Direba ya ji labari, bai yi wasa ba a ranar. Ya ɓace, ya dawo da jarkar mai biyu, ban tambaye shi inda ya samo ba. Muka tafi Rawayya mu uku. Gonar shimfiɗe take, fuskarta ta yi ɓawo ta tsattsage kamar ƙasan tukunya. Direba ya durƙusa ya ɓamɓare ɓawon da wuƙa. A ƙarƙashi ga tsiron nan, sun taso sun buga kai sun lanƙwashe. Muka tona rami ya fi talatin, a gabas, a yamma, a gindin kuka. Ko ɗaya babu mai rai.

Maƙwabcin ya zo ya tsaya a kan iyaka da sandarsa. Ya gaishe mu, bai ce ai na faɗa ba. Ya ce zai ba mai gonar geron da zai shuka bana, kada ya damu da wannan. Amma mai gashi, shi ma ba shi da shi, marigayin ba ya bayarwa sai ga jininsa. Sannan ya ce akwai ƙanwar marigayin da aka kai aure wani ƙauye bayan Tsafe tun suna samari, ya tuna an sa mata zangarniya a cikin kaya.

Washegari muka kama hanyar Tsafe. Mun bar kwalta muka bi ta gindin duwatsu, direba yana tsayawa yana tambayar Fulanin da ke kora shanu. Muka sami tsohuwar a tsakar gida tana kaɗi. Ta ɗaga kai ta dubi ɗan wanta.

"A'a, ɗan masaƙa! Yau wace rana? Ko ta'aziyyar ubanka da nij je, gaisuwar tsaye ka yi man."

"Goggo, a yi haƙuri."

"Haƙuri na nan, shi muka ci. Wane ne wannan mai tabarau?"

Direba ya ce, "Inna, shi na mai maganar manoma cikin akwati. Daga ƙasar Faransa anka aro muna shi."

Ta ajiye mazari ta ƙare mini kallo. "Kai na? To ashe muryar ce babba. Ni na ɗauka wani ƙato ne mai rawani."

Ɗan wanta ya durƙusa ya gaya mata abin da ya faru, bai ambace ni ba ko sau ɗaya. Ni na ƙarasa, na ce Inna laifina ne. Ba ta ko dube ni ba.

"Duka?" ta ce masa. "Damin Yaya duka ka zuba ma ƙasa da rani? Kai, wanda yac ce maka ka yi, ya taɓa taka gonar?"

"Bai taɓa ba, Goggo."

Ta yi salati, ta rufe baki da gefen zane. Can ta tashi ta shiga madafa, muka ji tana jan turmi, ta hau. Ta fito da zangarniya biyu, baƙi ƙirin da hayaƙi, ɗaure da tsumma. 'Ya'yanta sun koma masara, ta ce, ita kaɗai ke ɗan yafa shi a bayan gida don kada ya ɓace.

"Su ke nan, ba wasu. Kuma ka sani, shekara da shekaru yana kusa da geron mutane, ban san abin da zai haifa maka ba. In ka sake ka binne wannan, kada ka zo jana'izata."

Ya karɓa da hannu biyu. A mota bai yarda ya ajiye su ba, a cinya ya riƙe har Bungudu.

A shirin makon na sa hirar daga farkonta, da tarin da akuyar da komai, na faɗi da bakina cewa wancan karon na yanke gargaɗin. Na wuce lokaci da kusan minti guda, mai karanta labarai yana harara ta ta gilashi. Ban san mutum nawa ne suka binne iri saboda ni ba. Wasiƙa biyu ta zo, ɗaya daga Wanke, duk suna godiya da ƙarin bayani. Godiyar ta fi tayar mini da hankali.

Daga nan na canza yadda nake aiki. Kowace hira sai an faɗi garin da irin ƙasarsa a farko, a maimaita a tsakiya, saboda wanda ya kunna a makare. Matasan da nake koya wa aiki suna ganin ɓata lokaci ne, na ce su yi haka nan.

Ruwa ya zauna sosai a watan Yuni. Mutumin ya shuka geron maƙwabcinsa a babbar gona, zangarniya biyun nan kuwa kunya huɗu suka ba shi a bayan gida, ya kewaye su da ƙaya.

Wa'adina ya cika a ƙarshen Agusta. Saura kwana uku in tafi na roƙi direba ya kai ni Rawayya. Geron bayan gida ya fi ni tsawo, ya fitar da kai. Muka bi kunya-kunya muna dubawa. Yawancinsu sumul suke kamar kowane gero. Nan da can sai ka ga mai gashi, wani ma gashin gajere ne, har ga tsuntsaye sun fara sauka a kansa. Ya ɗaura jan zare a wuyan waɗanda suka yi kama da na mahaifinsa. Na ƙirga zaren, goma sha tara.

Ya ce waɗannan kaɗai zai ajiye. Baɗi ya shuka su nesa da na kowa, ya sake zaɓa, haka haka har ya koma yadda yake. Maƙwabcin ne ya koya masa, yanzu kullum da yamma yana wurinsa.

Na ce, "Malam, shekara nawa zai ɗauka?"

Ya juya ya tambayi tsohon, wanda ke zaune a inuwar katanga yana gyaran ƙotar fartanya.

"Ubanka dai tun muna samari yaf fara," in ji tsohon. "Kuma har ya kwanta ciwo yana cewa da saura."

Mutumin ya ɗaga kai ya dubi geron. Sannan ya ciro wani guntun jan zare daga aljihu, ya shiga kunya ta gaba.