Kwalbar Malam Dung

Malam Dung ya zo Potiskum daga Jos yana saurayi, da niyyar ya koyar da ilimin sinadarai shekara guda ya gudu, saboda zafin gari. Yau ga furfura, ga 'ya'ya da suka fi shi Hausa, yana nan a wata makaranta a unguwar Dogo Nini.

Jadawalin sinadaran da ke bangon ajinsa, unguwa yake kiransa. "Kowane layi daga sama zuwa ƙasa gida ɗaya ne, halinsu ɗaya," haka yake gaya wa ɗalibai. "'Yan gidan ƙarshe na dama sun ƙoshi, ba ruwansu da kowa. 'Yan gidan farko na hagu kuwa, kowanne na da ilektaron guda da yake neman kai da shi, kana gangarowa zafin ransu na ƙaruwa."

Ɗan wannan gida ɗaya yake da shi, sodiyam, 'yan gutsattsari a kwalba cikin kananzir, domin ruwa na taɓa shi sai wuta.

Wata safiya aka ce masu duba makarantu na tafe. Iya Mairam mai shara, wadda duk abin da ta samu sai ta wanke, ta riga kowa shiga ɗakin gwaji. Malam Dung na isowa ya hango kwalbarsa a gindin famfo, a kife, tana ƙyalli. Ga yara na wasa bakin kwata.

"Iya! Abin da ke ciki fa? A ina kika zubar?"

"Zubarwa? Malam, kananzir a wannan zamani? Ka ga alamar hauka a jikina?"

Ta kai shi bayan ƙofa. Ga tsohon gwangwanin madara, busasshe, ta juye komai a ciki, gutsattsarin na kwance lumui a ƙarƙashin kananzir.

"Kananzir ɗin na hura wuta ne. Tsakuwoyin nan kuwa, da na je gida zan tsame in ɗauraye maka."

Malam Dung ya zauna daɓas a ƙasa, ya rungume gwangwanin yana dariya har da ƙwalla.

Da yamma ya aika mata da kananzir cikin galan. Sabuwar kwalbar kuwa ya zana mata harshen wuta, ya kulle a kabad. Iya Mairam har yau tana cewa Malam mutumin kirki ne, sai dai ƙazanta.