Daɓen da Ya Ƙi Ƙarewa

Zauren gidanmu na Gusau ya girmi kowa a unguwar. Kakanmu ne ya gina shi tun Turawa ba su zo ba, da azarar da aka ɗauko a kan jakuna daga wajen Tsafe. Kaurin bangonsa kuwa, in ka zauna ciki da bazara sai ka rantse gindin randa kake. A nan aka ɗaura mini aure zuwa Bunguɗu, ta nan kuma aka fitar da gawar Baba. Ni dai ina son zauren nan, ban taɓa ɓoyewa ba.

Bayan rasuwar Baba gida ya koma hannun yayana. Shekarar da ake ta zancen jirgin ƙasa zai iso Gusau, Yaya ya shiga sayen gyaɗa, ya riƙa zirga-zirga Sabon Gari, ya kwaso wata cuta wai ita kwano. Ko akurkin kaji ya gani sai ya ce da kwano ne da ya fi kyau. Matarsa ce ta aiko mini a ɓoye cewa ya gama magana da magina, za su rushe zauren a yi shagon gyaɗa mai rufin kwano kafin ruwa ya sauka.

Kai! Nan take na ce sai Gusau. Maigidana ya dubi idona sau ɗaya ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Na tarar da Yaya a kan dakali, na ce, "Yaya, da gaske ne abin da na ji?"

Ya ce, "Ke, tsohuwar ƙasa ce fa. Mi za ki yi da ita?"

"Ginin kakanmu ne!"

"Kakanmu ya ga kwano ya ƙi?"

Raina kamar ya fita. Mace ba ta da ta cewa a kan gini, amma ƙasan ɗaki namu ne. Sai na sassauta murya na ce ya bari mu yi wa zauren daɓen bankwana. Ya yi dariya har da buga cinya, wai daɓe a ɗakin da za a rushe. Na ce ai ko mamaci ana yi masa wanka kafin a kai shi. Ya ce mu yi, mu huce.

Na aika gayya Bunguɗu da Rawayya, na aika wa gwaggonmu ta Tsafe, wadda bakinta ya fi nawa kaifi. Muka zuba tsakuwa, muka yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, muka kama duka da madaɓi ana waƙa. Da safe magina suka iso da digoginsu, suka leƙo, suka ga zaure cike da matan aure da ɗaurin ƙirji. Wane namiji ne zai sa ƙafa? Suka ja da baya suna salati. Gwaggo ta raka su da sabuwar waƙa a kan wani mai gyaɗa da ke son kifa wa kansa tasa ya kwana ciki.

Daɓe ya yi sumul, sai Gwaggo ta danna diddige ta yatsina fuska ta ce, "Wanga aiki bai yi ba, a tone." Muka tone. Ya sake yin sumul, wata ta ce makubar ba ta jiƙa ba. Ga shi ciyar da masu daɓe a kan maigida yake, matar Yaya kuwa tuwo take tuƙawa kamar na suna. Yaya shi kansa sai ta katangar baya yake shiga gidansa, babban mutum da rawani yana dira cikin turken awaki.

Haka muka ja shi har hadari ya fara haɗuwa. Magina manoma ne, suka watse sharar gona. Wata la'asar ruwa ya ɓarke, muka rangaɗa guɗa, don ba mai rushe ginin ƙasa da damina.

Guɗar ba ta yi nisa ba. Ɗigo ya faɗo a tsakiyar daɓenmu, sai wani, sai gutsuren ƙasa. Bana ba a yi wa rufin yaɓe ba, tunda rushe shi za a yi, mu kuwa hankalinmu duk yana ƙasa. Mata ba sa hawa soro. Na tsaya ina kallon azarar kakanmu tana jiƙewa, wallahi kuka na fashe da shi kamar yarinya.

Sai muka ji taku a sama, indararon da ya toshe ya kece da zuba. Na fito da gudu, na ga tsani jingine, Yaya a bisa ba rawani, riga ɗaure a ƙugu.

Ya ce, "Ke uwar daɓe! Kuka za ki tsaya yi ko za ki miƙo mini ƙasa?"

Na kwaɓa ƙasa a ƙwarya na hau rabin tsani. Bai ko nemi inda ke yoyon ba, ya riga ya durƙusa a kusurwar gabas. Ya karɓi ƙwaryar bai dube ni ba, ya danna ƙasar da tafin hannu ya ce, "Ƙaro. Baba bai taɓa barin wurin nan ya kwana a jiƙe ba."