Ruwan Bai Kai Gwiwa Ba

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Jatau ya san Bahago mai tubali. Rabin katangun unguwar da ƙasarsa aka ɗora su. Kududdufin bayan gidansa ma shi ya haƙa shi da hannun hagun nan nasa, tun yana saurayi har gemu ya yi fari. Babu lungun ramin da ƙafarsa ba ta sani ba.

Bayan yaƙin basasa bulo da siminti suka shigo birni, magina suka fara yi masa kallon tsohon yayi. Bahago kuwa akwai taurin kai, ya rantse sai ya cura tubalin da samari biyu ba za su iya ba. A nan Mamman mai tebur ya sami ƙofa, wani shaƙiyyi da ke kasa maganin Bature a rana kamar gyaɗa. Jar ƙwaya ta ƙarfi, fara ta barci.

"Baba, haɗiyi ɗaya ka koma saurayi."

Hajo, matar Bahago, ita ke ganin abin da ake ciki: tsoho ba ci, ba barci, ido ya yi zuru-zuru. Ta zuba ƙwayoyin a masai, ya samo wasu. Ta kai ƙara wajen ƙannensa, suka ce ta cika mita.

"Malam, a bakin ruwa fa kake aiki. Abin nan zai kashe ka!"

Sai ya yi dariya, wai ramin da ya haƙa da kansa ne zai ci shi?

Wata Laraba da rani ya sha fara don ya rama barci, barci ya ƙi, ya bi ta da ja ya fita aiki. Ya sunkuya da garwa zai ɗebo ruwan kwaɓi. Masu wanki ne suka tarar da shi a kife.

Abin takaici, tun ba a yi masa sutura ba unguwa ta gama yanke hukunci: aljanar kududdufi ce ta ja shi. Maganar ta yi wa kowa daɗi, don aljana ba ta da dangi a unguwa, ba kuma wanda ke gaisawa da ita a masallaci. Har Mamman ɗin, don rashin kunya, ya tsaya a ƙofar gida yana kaɗa kai, wai ai dama ruwan nan yana da mutanensa.

Hajo ta jiyo shi daga ciki. Ta fito ko mayafi babu, ta ratsa maza ta nufi kududdufin. Ana ta "Iya, dawo! Iya!" ko waiwaye ba ta yi ba. Ta faɗa ruwan har inda garwarsa ke yawo, ta tsaya, ta juyo wajen mazan da suka biyo ta. Ruwan bai kai gwiwarta ba.

"Ga ni, Mamman. Ce mata ta ja ni."

Ta jira. Ba wanda ya iya ɗaga ido.

"Nan ya faɗi. Miƙewa kawai zai yi," in ji ta. "Me ka ba shi da ya kasa miƙewa?"