Kaskon Doguwa

Kakata, Inna Hawwa, ba ta fara tatsuniya sai an gama cin tuwo. A Gecheme muke a lokacin. In sanyi ya shigo mukan tara karan hatsi mu hura a tsakar gida, ita kuma ta miƙe ƙafafu tana ɓarar gujiya. Sai ta ce, "Ga ta nan tahe, wa ka tarbonta?" Mu ce, "Mu ne, ta zamna."

Akwai wadda ta fi tsaya mini a rai. Wai a wata shekarar yunwa, Doguwa, aljanar kan dutse, ta sauko kasuwa da kamannin tsohuwa. Duk wanda ya roƙe ta hatsi sai ta ba shi, ya ci, gobe ya dawo. Wata gwauruwa kuwa da 'ya'ya huɗu ba ta roƙi hatsi ba. Ta ce, "Na iya ƙosai, kasko ne ba ni da shi." Doguwa ta ba ta kasko da tiyar wake da ɗan mai, ta ce, "Kada ki maido mini. Ranar da kika sayi naki, ki miƙa wannan ga wata." Kaskon ya yi ta yawo gida gida, har garin ya koma ciyar da maƙwabtansa.

Na taɓa tambayarta, "Inna, doguwar ta dawo ta ga abin da ya faru?"

Ta ce, "Mi za ta gani, ɗiyata? Ita dai ta bayar, ta tahi."

Shekaru sun ja, na yi aure a Dogon Dutsi. Maigidana ya tafi ci-rani, aike ya yanke, har na fara tunanin fitar da babbar 'yata daga lakkwal, wato makarantar boko. Sai ƙungiyar matan unguwarmu ta samu tallafi daga wasu masu taimako na nesa. Aka ba ni jari da rancen injin matsar gyaɗa, na shiga yin mai da ƙuliƙuli. Yarinya ta zauna a aji.

Da na gama biya na tambayi Madam Rabi, mai kula da asusun, wa zan yi wa godiya. Ta ce, "Wallahi ni ma ban taɓa ganinsu ba. Abin da kika maido kuwa, jibi za a ba wata mai saƙar tabarma a Tibiri."

Na fito na kama hanyar gida. Ina yarinya na ɗauka abin mamaki a labarin Inna shi ne aljana a kasuwa. Ashe akwai 'yan Adam da ke ba da dukiyarsu ga matar da ba su san fuskarta ba, su yarda da hannunta, su wuce ba su jira godiya ba. Ban san sunansu ba, ban san ko wane yare suke yi ba. Duk da haka kowace asuba suna cikin addu'ata, kusa da Inna.