Balan-balan a gonar albasa

Shekarar da aka yanke mana Kebbi daga Sakkwato, Baba ya fara tsayawa a tsakiyar gonar albasarsa a Aliero yana dafe ƙirji. Ni na raka shi asibiti, don ni ce na gama sakandare. Likita ya ce jijiyar da ke kai jini zuciyarsa ta tsuke. A Jidda, inda ƙanen Baba yake zaune, ana zura balan-balan siriri a hura shi a ciki, hanya ta buɗe. Iri biyu ne: mai taushi, da mai tauri da ba ya wuce girmansa.

Baba ya ce ba ya zuwa. "Da furfurata a sa min abin wasan yara?"

Inna ta yi ta lallashi. Ni ban iya lallashi ba. Ran kasuwar Jega na sayo dogon balan-balan, na sami Baba a gona yana hutawa bakin kunya.

"Baba, duba nan."

Na ɗaure tsakiyarsa da zare, na hura. Ya kumbura ta nan, ya kumbura ta can, wurin zaren ko motsi.

"Wannan ne mai taushin. Likita ya ce jijiyarka ta yi tauri, shi zai kauce wa wurin ne kawai. Mai taurin ba ya kaucewa. Nan yake tsayawa har sai ta buɗe."

"To ina mai taurin?"

"Ba a sayar da shi a Jega! Sai ka je."

Ya karɓa yana juya shi a hannu. Ya ƙi ɗago ido ya dube ni, sai lokacin na gane tsoro yake ji. Na zauna kusa da shi.

"Ɗiyata, in ban komo ba fa?"

"Za ka komo. Wa zai tone albasar nan, ni?"

Ya yi dariya har da tari. "Innarki mai taushin ce. Ke ko, tun kina goye ba ki kaucewa. Tai ki gaya mata ta haɗa min kaya."

Albasar ba ta jira shi ba, mu muka tone. Da ya dawo daga Jidda, da ƙafarsa ya taka har rumbu, ya ce mun bar mata ganye da yawa.