Wa Zai Yi wa Rabi Guɗa?

Shekara bakwai ke nan da aka kai Inna Kuluwa, yayar mahaifiyata, makwancinta. Tun ranar ban sake jin guɗa a unguwarmu nan Tawa ba, sai ta biki ko ta suna.

Ita ba ta jiran biki. Yarinya ta fara ɗauko tulu daga rijiya, rabin ruwan ya zube mata a baya, sai Inna ta fito ƙofar gida ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Yaro ya kawo damin farko na gayaunarsa daga Kalfu, ɗan ƙarami kamar na wasa, shi ma haka. Maƙwabta su leƙo ta katanga: "Wa ya haihu?" Ta ce, "Babu kowa. Ɗan Hajo ne ya yi noma, ku hito ku gani!" Dole a fito, a shafa kai, a sa albarka. Na ga yaran da suka miƙe wuya a ƙofar nan, har yau ba su sunkuyar ba.

Ita ta yi wa ɗiyata Rabi guɗa ranar da ta fara rubuta sunanta a allon lakwal, makarantar boko. Lokacin ni ko baƙi ɗaya ban sani ba, sai da furfura ta fito mini na shiga karatun manya.

Bara Rabi ta faɗi jarrabawar satifika, ta gama firamare. Ba wanda ya zage ta, gara ma zagin. Mata dai su haɗa ido a bakin rijiya, wata ta ce, "Dama mun hwaɗi." Yarinyar da ke cewa ungozoma za ta zama ta koma ɓoye littafi cikin zane, tana bin bayan gidaje. Ta rame. Mushe, malaminsu, ya ce mini bana ce ta ƙarshe, shekarunta sun ja, in ta sake faɗuwa sai gida.

Da Inna za ta leƙo yau, me za ta ce? Ƙasa ta samu kanta, an ɗaga tuta, rediyo kullum yana cewa yara ne gobenmu. Ina jin cewa za ta yi, rediyo bai san sunan Rabi ba. Mun miƙa wa mushe yara mun kama bakinmu, muna jiran wanda ya ci mu taya shi murna. Wanda ya ci ai bai da bukatarmu!

Ni bakina faɗa ya iya, kowa ya sani. Amma safiyar jarrabawa da na ga Rabi ta nufi ƙofar baya, na ce, "Ke, ta gaba za ki hita." Na tsaya inda Inna ke tsayawa, na kama hanci. Abin da ya fito kukan akuya ne. Hajo maƙwabciyata ta leƙo tana dariya: "Yaya, mi ya same ki?" Na ce, "Rabi za ta jarrabawa. In kin hi ni iyawa, karɓa." Ta dubi yarinyar, ta daina dariya, ta karɓa. Wata ta amsa daga can bayan masallaci.

Sakamako bai zo ba tukuna, Rabi ko abinci ba ta ci sosai. Inna ba ta bar gona ba, ba ta bar saniya ba, sai wurin tsayawar nan a ƙofar gida. Ranar da sakamakon zai zo, ko wane iri ne, can za a same ni. Ke ma Hajo kada ki yi nisa.