Jirgin da Baba Ya Gina a Kan Tudu

Ni ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne kogin Mariga idan ya cika ya batse da damina. Amma in aka ba ni alli zan iya zana wani jirgin ruwa tun daga hancinsa har bayansa, in nuna inda ake girki da inda ake rataye igiya, don da labarinsa aka raine ni.

Babanmu ya je cirani Legas tun yana saurayi. Gadi ya samu a wata gaɓa inda masu hali ke ɗaure jiragensu na shan iska. Wani tsohon kafinta ya ga yana da hannu, ya ja shi a jiki, har ya zama shi ke kula da katakon babban jirgin wani attajiri. Ya daɗe a can. Da aka sayar da jirgin aka tafi da shi wata ƙasa, sai Baba ya tattaro kayan aikinsa ya dawo ƙauyenmu, gaba da Kakangi, a bakin daji, ya auri Inna. Ita kuwa takan ce rabin miji aka ba ta, ɗaya rabin yana can kan ruwa.

Bayan la'asar yake ba da labarin, yana zaune gindin ɗorawa yana gyara ƙotar fartanyar wani ko ƙafar kujera. Ba sai an tambaye shi ba.

"Fari ne fat," in ji shi, "ya fi layin rumfunan kasuwarmu tsawo. Hancinsa siriri kamar bakin wuƙa, tsaga ruwa yake yi, ba ya dukansa. Bayansa kuma a zagaye, ba irin na jiragen yanzu da aka datse su ba."

Hawa uku ne da shi. A can ƙasa akwai injuna biyu, kowanne ya kusa girman rumbu, amma in kana falo ba ka jin komai sai 'yar kaɗawa a tafin ƙafa. A tsakiya falon yake, da ɗakunan kwana, an lulluɓe bangonsu da jan katako mai sheƙi, kana iya duba haƙoranka a jiki. A sama sai ɗakin matuƙi, da sitiyarin katako mai hannuwa kewaye da shi. Daɓen waje an jera shi da siraran katako, da baƙin layi a tsakaninsu, kuma ba a hawansa da takalmi, ko mai jirgin sai ya tuɓe. Tagogin zagayayyu ne kamar faifai, bakinsu na tagulla, kullum safiya sai an goge.

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne bututun hayaƙi, wani ƙato mai ruwan ƙwai da ke tsaye a kan rufin, wanda bai taɓa fitar da hayaƙi ba.

"Jirgin sabo ne," in ji Baba, "amma mai shi ya ce a ƙera masa shi da kamannin jiragen dā. Bututun ado ne kawai. A cikinsa muke ajiye tsintsiya da bokiti."

"Kai, masu kuɗi!" in ji Inna daga madafa, tana share idanu. "Mu muna neman ta inda hayaƙi zai fita, su suna sayen bututun da ba hayaƙi."

Akwai wani wuri a labarin da muryarsa ke sauka duk lokacin da ya iso shi. Wata rana yana gyara wata kanta a falon jirgin, ɓarɓashin jan katakon nan ya faɗa masa a leɓe, ya ji ɗaci. Ya sake lasa. Maɗaci ne, irin wanda ya cika dajinmu. Ya ce a ranar ya zauna a ƙasa ya dafa bangon ya ce masa, "Ashe kai ma cirani ka zo."

To, da labari kawai ya dawo da shi da abin ya zo da sauƙi. Amma ya dawo da dokar jirgi, wato komai a kafe yake, don idan igiyar ruwa ta taso, abin da ba a kafe ba shi ke karya ƙafar mutum. Da ya tashi gina ɗakinsa da na Inna, sai ya binne gumaguman maɗaci a cikin bango tun ƙasar tana ɗanya, ya shafe su da baƙin mai saboda gara. A jikinsu ya ɗaure komai. Tebur a kafe, benci a kafe. Kantar da Inna ke jera kwanukanta ya yi mata ɗan leɓe a baki don kada su zame. Durowa kuwa sai ka ɗaga ta kafin ta jawu, baƙuwa ta yi ta kokawa da ita har ta yi gumi, mu muna ɓoye dariya. Tagar ma zagayayya ya yi. Mutanen gari suka naɗa shi Sarkin Jirgi, suna tambayarsa yaushe za a tashi, su zo su kama wuri.

Gadon Inna shi ne ya fi kowane aiki kyau, shi ne kuma ya fi jawo faɗa. Ƙafa biyu kawai gare shi, na gaba. Bayansa a kan gungumen bango ya zauna. Ba za ka ga kan noti ko ɗaya ba, don kowanne ya nutsar da shi ya rufe da 'yar toshiyar katako, ya daidaita zanenta da na jikin gadon, sai mai shi ya san inda suke. Duk jajiberin sallah mata kan juya ɗakunansu, gado ya koma nan, akwati ya koma can. Ɗakin Inna kuwa yadda yake ranar da aka kawo ta, haka yake har muka yi aure.

"Malam, ka sakar mini gadona in share bayansa," takan ce. "Wai ƙasa ce za ta girgiza?"

"Ba a sani ba," in ji shi, ya ci gaba da abin da yake yi.

Ina aure a cikin garin Birnin Gwari, ina koyarwa a wata firamare, lokacin da daji ya lalace da 'yan bindiga. Da farko shanu aka riƙa kwashewa. Daga nan aka hana zuwa gonakin nesa. Sai aka fara ɗaukar mutane a hanya, sai kuma aka fara shiga garuruwa da rana tsaka. Ƙauyukan da ke kusa da namu suka watse ɗaya bayan ɗaya. Duk safiya in na ga babura sun shigo gari da katifu da tukwane, sai in leƙa fuskoki, ina neman na ƙauyenmu.

Ni da Yayana, wanda ke sayar da hatsi a kasuwa, muka kama wa su Baba ɗakin haya, muka ɗauki 'yan acaɓa muka tafi ɗauko su. Muka tarar rabin gari ya riga ya ɗaure kaya. Kowa na fito da gadonsa da kujerunsa yana ɗorawa. A gidanmu kuwa, bayan tabarmi da tufafi da kwanuka, babu abin da ke ɗaguwa. Yaya ya samo wani dogon ƙarfe ya zura shi tsakanin gadon Inna da bango.

"Ajiye," in ji Baba.

"Baba, ba lokaci. 'Yan acaɓan nan ba za su kai azahar ba."

"Na ce ajiye. In ka ɓanɓare shi, itacen girki za ka kai mata. Abin da aka haɗa da noti, da noti ake kwance shi."

Inna ta ce, "Malam, na yafe gadon. Tabarma ta ishe ni. Tashi mu tafi."

Ya dube ta yana murmushi. "Tun yaushe kike cewa in sakar miki gadonki? To ga ranar ta zo, kuma kya ce kin yafe?"

A nan raina ya ɓaci. Na ce masa rai ya fi katako, na ce mutanen nan ba su san tsoho ba, ba su san Sarkin Jirgi ba. Na yi kuka, na yi magiya, na haɗa shi da Allah. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ranar ma bai ɗaga ba.

"Uwata, na ji," in ji shi. "Ki tafi da innarku. Aikin 'yan kwanaki ne. Matar da ta kwana a gado tun tana amarya ba za ta koma ƙasa a garin mutane ba. Ina gamawa zan aiko a zo a ɗauke ni."

Da an ce mu ɗaure shi a kan babur, wallahi da na kama ƙafa. Amma wa ke ɗaure ubansa? Muka tafi. Da na waiwaya, ya riga ya durƙusa gaban gadon yana shafa katakon da yatsa, yana neman toshiyar farko.

Ba saƙonsa ne ya zo ba. Maƙwabcinmu ne ya zo, wani dattijon Gbagyi, abokin wasan Baba tun suna yara, wanda shi ma ya tsaya don ya kwashe 'yar dawarsa. A ƙafa ya iso, ta cikin daji. Ya zauna a ƙofar ɗakin hayar, ya ƙi shan ruwa sai da ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce da hantsi 'yan bindigar suka shigo, a kan babura. Baba yana zaune a bakin ƙofa yana fiƙe wani guntun katako. Gwiwoyinsa sun daɗe da daina gudu. A nan suka kashe shi.

"Ni Kirista ne, ban san yadda kuke yi ba," in ji dattijon. "Na nemo mutum biyu naku da suka ɓuya a rafi, suka yi masa wanka da salla. Ni na haƙa."

Inna ba ta yi kururuwa ba. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta yi ta maimaitawa har muryarta ta dushe. Ni kuwa, ban da baƙin ciki, haushinsa nake ji. Na daɗe ina jin haushinsa, ina yi masa addu'a ina jin haushinsa. A kan gado! Ko sunan gadon ba na son a ambata a gabana.

Sai bayan watanni, da hanya ta ɗan lafa, muka samu zuwa ni da Yaya don mu ga kabarinsa. Garin ya zama kufai. An cire ƙofofi, an kwashe kwanon rufi, an ƙone rumbuna. A ɗakin Baba tebur da benci suna nan inda suke, da sarar adda a jikinsu, an yi ƙoƙarin cire su an gaji. Nasa gadon ko toshiya ɗaya bai taɓa ba.

A ɗakin Inna bangon ya yi fayau, sai gungumen da ramukan noti. Gadon yana jingine a lungu, an kwance shi sala-sala, ba tsagewa ko ɗaya, an ɗaure da irin ƙullin nan na jirgi da ya koya mana, wanda ba ya kwancewa sai an ja bakinsa. Ba wanda ya kula shi, ganin tarin katako ne. Notocin suna cikin gwangwanin madara. A cikin ɗaurin na ga wata sabuwar ƙafa, an goge ta sumul, daidai da tsofaffin biyun. A bakin ƙofa kuma, cikin ƙasa, Yaya ya tono ɗayar. Gefe guda kawai aka fiƙe, sauran duk ɓawo ne, da zanen fensir a jiki.

Sai a lokacin na gane abin da ya tsayar da shi. Kwance gadon ya gama tuni. Ya san ɗakin haya ba shi da gungume a bango, kuma gado mai ƙafa biyu ba ya tsayuwa shi kaɗai. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo labari.

Muka kawo shi gari a kan babura biyu. Yaya ya haɗa shi a ɗakin Inna, ƙafa uku, ya tokare kusurwa ta huɗu da bulo. Ya ce gobe zai kai guntun wa kafinta ya ƙarasa. Inna ta karɓe shi daga hannunsa, ta naɗe a zane, ta sa cikin akwatinta.

"Ba wanda zai ƙarasa masa aikinsa," in ji ta.

Haka gadon yake har yau. Bulon bai kai tsayin ƙafafun daidai ba, don haka in ta juya sai ya ɗan yi tangaɗi. Bara, ranar jajiberin sallah, na je taya ta shara. Na kama gefen gadon na ce, "Inna, kama can mu ja shi, yau dai ki share bayansa."

Ta dafa katakon da hannu biyu, ta danne shi jikin bango.

"Bar shi a inda yake," in ji ta. "Miƙo mini tsintsiyar, zan zura hannu."